Yadda za ka warware sunayen mutanen da likita ke rubutawa a kan ciwon ciki

An ce suna linzami ne, amma a takardar asibiti akwai sunan da ba ya jan ka zuwa ko'ina. Likita ya duba mara lafiya, ya rubuta Murphy, ko Crohn, ko Hartmann, ya miƙo takarda, kai kuma ka yi ta juya ta kana neman inda ciwon yake. Waɗannan sunayen likitoci ne, yawancinsu sun daɗe da rasuwa, aka laƙaba su ga cutar da suka bayyana, ko dabarar dubawa da suka koyar, ko tiyatar da suka fara. Sunan ba ya gaya maka gaɓar da ta kamu, ba ya gaya maka nauyin matsalar. Gilbert da Boerhaave duk sunaye ne, amma na farko ko magani ba ya buƙata, na biyu kuwa yana iya kashe mutum cikin kwana guda. Aikinka shi ne ka mayar da kowane suna magana ta yau da kullum: a ina, me ya faru, me za a yi. Ga yadda ake bi.

Mataki na farko: kwafe sunan daidai, har da kalmar da ke manne da shi

Kada ka dogara da abin da kunnenka ya ji. Ka roƙi likita ko nas su rubuta maka harafi bayan harafi, kuma ka kwafi kalmar da ta biyo bayan sunan, domin ita ce ke rarrabe abubuwa. Misalin da ya fi kowane ruɗa mutane shi ne Whipple. Akwai cutar Whipple, wadda George Hoyt Whipple ya bayyana a 1907: ƙwayar bakteriya ce ke kama ƙaramin hanji, ta kawo gudawa da rama da ciwon gaɓoɓi, ana kuma maganinta da ƙwayoyin kashe bakteriya na tsawon lokaci. Akwai kuma tiyatar Whipple, ta Allen Whipple, wanda ya wallafa bayaninta a 1935, aiki ne babba da ake yi wa mai ƙari a kan fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi mai fitar da ruwan narkar da abinci. Mutum biyu ne daban, dukansu Amurkawa, kuma abin da ya haɗa cutar da tiyatar suna ne kawai. Wanda ya shiga intanet da Whipple tsirararsa zai iya kwana yana karanta abin da bai shafe shi ba.

Ka kuma sani suna biyu ba lallai mutum biyu ba ne. Mallory da Weiss mutum biyu ne, haka Zollinger da Ellison, amma Ivor Lewis mutum ɗaya ne, Grey Turner ma haka. Wani lokaci kuma cuta ɗaya ce da suna biyu. Matsalar haɗiya da ke zuwa tare da ƙarancin jini na rashin sinadarin ayon, wato ƙarfen da jini ke buƙata, a Amurka Plummer-Vinson ake ce mata, a Ingila kuwa Paterson-Brown-Kelly. Idan asibiti biyu sun ba ka suna biyu, tambaya za ka yi kafin ka ɗauka sun saɓa.

Mataki na biyu: gane irin abin da sunan yake nufi

Rukuni huɗu ne: cuta, alama, aikin tiyata, ko ma'auni. Cuta ita ce hukuncin da aka yanke bayan bincike. Alama kuwa abin da likita ya gani ne ko ya ji a hannunsa, shaida ce guda ɗaya, ba hukunci ba. Ma'auni lissafi ne. Child-Pugh, alal misali, yana auna ƙarfin hantar da ta ƙandare ta hanyar abu biyar: sinadarin shawara a jini, furotin ɗin albumin, saurin daskarewar jini, ruwa a ciki, da ruɗewar hankali. Maki 5 zuwa 6 shi ne A, 7 zuwa 9 B, 10 zuwa 15 C, kuma C ya fi tsanani. Alvarado, na 1986, maki goma ne da ake haɗawa don a ƙiyasta ko afendis ne. Mutane da yawa suna tsorata da alama kamar an riga an tabbatar da cuta, sai kuma su yi sakaci da ma'aunin da ya fi faɗa musu gaskiyar halin da ake ciki.

Mataki na uku: ɗora sunan a kan hanyar da abinci ke bi

Nan ne aikin yake. Ɗauki takarda ka zana layi daga baki zuwa dubura: bututun abinci, tumbi, ƙaramin hanji, babban hanji. A gefe ka sa hanta da matsarmama da fankiriyas, waɗanda ke zuba ruwansu a farkon ƙaramin hanji. Duk sunan da ka samu, nemo masa mazauni a kan layin nan.

A bututun abinci akwai sunaye uku da ya kamata a riƙe tare, domin duk suna da alaƙa da abin da ke tasowa daga tumbi. Barrett sakamakon ƙwannafi ne na shekaru: ruwan tumbi mai tsami yana ta ƙona ƙasan bututun har shimfiɗar cikinsa ta sauya ta koma irin ta hanji. Ba daji ba ne, kuma mafi yawan masu shi ba za su taɓa kamuwa da daji ba, amma haɗarinsu ya fi na sauran mutane, shi ya sa ake sake leƙawa da kyamara lokaci zuwa lokaci. Norman Barrett, haifaffen Ostireliya da ya yi aiki a Landan, ya rubuta a kai a 1950, sai dai shi ya ɗauka tumbi ne ya hauro ƙirji. Allison da Johnstone ne suka nuna a 1953 cewa bututun ne da kansa. Sunan dai ya zauna a kan wanda ya yi kuskuren fassara.

Mallory-Weiss, na 1929, tsagewar fatar ciki ce a mahaɗar bututu da tumbi bayan amai mai ƙarfi. Labarin kusan iri ɗaya ne: an yi ta amai ba jini, sai daga baya jini ya biyo. Yawanci yana tsayawa da kansa, amma aman jini ba abin zama a gida ba ne. Boerhaave kuwa tsagewar ta ratsa bangon gaba ɗaya, abinci da ruwan tumbi su zube cikin ƙirji. Herman Boerhaave na birnin Leiden a Holan ya bayyana shi a 1724, bayan wani babban hafsan sojan ruwa mai suna Wassenaer ya ci ya ƙoshi, ya yi amai, ya ji wani abu ya yage a ƙirjinsa, bai cika kwana ɗaya ba ya rasu. Ciwon ƙirji mai tsanani nan take bayan amai, da wahalar numfashi, shi ne abin lura.

Can sama kusa da maƙogwaro akwai Zenker, ɗan aljihu da ke fitowa a bangon hanyar, galibi ga tsofaffi. Abinci yana maƙalewa a ciki ya dawo bayan sa'o'i bai narke ba, baki yana wari.

A tumbi, Zollinger-Ellison na 1955 ƙari ne da ke fitar da sinadarin gastirin fiye da kima, tumbi ya yi ta zubo tsami. Ana zarginsa idan gyambon ciki ya ƙi jin magani, ko ya yi yawa, ko ya zo da gudawa. Curling gyambo ne da ke biyo bayan ƙuna mai yawa, Cushing kuma bayan rauni ko matsala a ƙwaƙwalwa.

A hanta, Gilbert shi ne mai sauƙi: ido ya ɗan yi rawaya idan mutum ya yi doguwar yunwa ko zazzaɓi ko gajiya, sauran gwaje-gwajen hanta lafiya lau. Wilson, na 1912, taruwar sinadarin jan ƙarfe ne a hanta da ƙwaƙwalwa, yana bayyana ga yara da matasa, kuma yana barin zobe mai ruwan ƙasa a gefen baƙin ido da ake kira Kayser-Fleischer. Budd-Chiari toshewar jijiyoyin da ke fitar da jini daga hanta ne.

A hanji, Crohn ya fi shahara. Kumburi ne mai tafiya yana dawowa, yana iya kama ko'ina daga baki zuwa dubura, amma ya fi son ƙarshen ƙaramin hanji. Yana cin kaurin bango duka, yana tsallake wani wuri ya kama wani, yana kawo ƙuntatar hanji ko ɓulewar hanya tsakanin hanji da wata gaɓa. Likitoci uku ne a asibitin Mount Sinai na New York suka wallafa bayaninsa a 1932, Crohn da Ginzburg da Oppenheimer, sunan farko a jeri ya kwashe ladan, alhali Dalziel a Sikotilan ya riga su tun 1913. Abin da ya fi wannan tarihi amfani: tibin hanji, wato ƙwayar tarin fuka idan ta kama hanji, yana kama da Crohn ƙwarai, a hoto da kyamara duka, kuma magungunan Crohn masu danne garkuwar jiki suna iya rura tibi. Duk wanda aka ce masa Crohn yana da haƙƙin ya tambaya ko an bincika tibi kafin a fara magani.

Meckel ɗan aljihu ne da ake haihuwar mutum da shi, a kusan mutum 2 cikin 100, wajen santimita 60 kafin ƙarshen ƙaramin hanji. Mafi yawa ba sa taɓa sanin suna da shi. Idan ya tashi, yakan zo da jini a bayan gidan yaro ba tare da ciwo ba, ko ya yi kama da afendis.

Mataki na huɗu: fahimci abin da hannun likita ke nema

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan likita ya ce a buɗe ciki, a buɗe daga ƙasan ƙirji har mara, domin wasu alamomin a cibiya da kwiɓi suke.

Alamar Murphy ta matsarmama ce. Likita zai sa yatsunsa ƙarƙashin haƙarƙarin dama ya ce ka ja numfashi. Yayin da huhu ke cika, hanta da matsarmama suna saukowa, idan matsarmamar ta kumbura sai ta taɓa yatsun, numfashin ya yanke saboda zafi. Wurin McBurney, na 1889, na afendis ne: ka ja layi daga tsinin ƙashin ƙugu na dama zuwa cibiya, ka raba uku, wurin yana kashi ɗaya daga ƙashin. Rovsing ya fi ban sha'awa, a danna hagu, ciwo ya amsa a dama. Blumberg kuwa zafin da ke zuwa ne lokacin da aka ɗage hannu farat ɗaya, alamar cewa shimfiɗar da ta lulluɓe cikin ciki ta harzuƙa.

Shawarata a nan a fili take: ka san su don ka gane abin da ake yi, ba don ka yanke hukunci a gida ba. Afendis yana iya kwanciya bayan hanji, mai juna biyu nata yana iya haurawa sama, tsoho da ƙaramin yaro sukan zo ba tare da alamar da littafi ya faɗa ba. Rashin alama ba ya wanke mutum.

Wasu alamomin haɗin abubuwa ne. Ukun Charcot, na 1877, su ne zazzaɓi da shawara da ciwo a saman ciki ta dama, suna nuna bututun ruwan matsarmama ya toshe kuma ƙwayoyin cuta sun shiga. Idan matsin jini ya faɗi ƙasa kuma hankali ya ruɗe, sun zama biyar ɗin Reynolds, wannan kuwa ba a kwana da shi. Dokar Courvoisier, likitan birnin Basel na Suwizalan a 1890, ta ce idan mutum yana da shawara ba ciwo, kuma ana jin matsarmamarsa ta cika a hannu, da wuya tsakuwa ce. Dalilin mai sauƙi ne: matsarmamar da ta daɗe da tsakuwa takan yi tabo ta tsuke, ba ta iya buɗewa. Don haka sai hankali ya koma ga ƙari da ya matse bututun, sau da yawa a kan fankiriyas.

Cullen tabon taruwar jini ne kewaye da cibiya, Grey Turner kuma a kwiɓi. Ana koyar da su tare da kumburin fankiriyas mai tsanani, ko da yake Cullen likitan mata ne, kuma a 1918 ya ga tasa alamar ce ga mace mai cikin wajen mahaifa da ya fashe. Kaluluwar Virchow tana fitowa a ramin wuya na hagu, saman ƙashin da ya ratsa zuwa kafaɗa, mai tauri mara zafi, tana iya nuna dajin ciki ya yaɗu. Sai ƙullutun cibiya da ake kira Sister Mary Joseph, mai irin wannan ma'ana. Ita malamar jinya ce da ke taimaka wa William Mayo a ɗakin tiyata a Rochester ta Amurka, ita ke wanke cikin marasa lafiya kafin aiki, har ta lura masu wannan ƙullutu galibi dajinsu ya yi nisa. Hamilton Bailey ne ya sa sunanta a littafinsa a 1949. Cikin wannan dogon jeri na maza, ita ce macen da sunanta ya fi fitowa.

Mataki na biyar: idan sunan tiyata ne, yi tambaya uku kuma ka sa a zana maka

Me za a cire? Me za a ɗinke da me? Me zai sauya a ci da bayan gida? Ka miƙa wa likitan biro da takarda. Likitan tiyata nagari ba ya ƙin zane, kuma kada ka sa hannu a takardar amincewa kana jin kunyar cewa ba ka gane ba.

A Nissen, wadda Rudolf Nissen ya fara a 1955, ba a cire komai. Ana naɗe saman tumbi kewaye da ƙasan bututun abinci, zagaye cikakke, don tsami ya daina tasowa. Bayanta haɗiya takan yi wuya na makonni, wasu kuma gyatsa ta gagare su, ciki ya riƙa kumburi. Toupet naɗi ne wanda bai cika zagaye ba. Heller akasin haka ce, ana tsaga tsokar ƙasan bututun da ta ƙi sakewa don abinci ya wuce.

Theodor Billroth ya yi nasarar yanke ƙasan tumbi a birnin Biyana na Ostiriya a 1881. A Billroth na ɗaya ana haɗa ragowar tumbin da farkon ƙaramin hanji kai tsaye, a na biyu, na 1885, ana rufe farkon a haɗa tumbin da gaba kaɗan. Roux-en-Y wata hanyar haɗi ce mai siffar harafin Y, wadda ke nesanta ruwan matsarmama daga tumbi. Duk wanda aka rage wa tumbi sai ya koma cin kaɗan-kaɗan sau da yawa, ya kiyayi zaƙi mai yawa lokaci guda domin yana kawo jiri da gumi da gudawa, kuma a riƙa duba masa ayon da bitamin B12. Graham kuwa faci ne: gyambo ya ɓula, aka toshe ramin da kitsen da ke lulluɓe da hanji.

A tiyatar Whipple ana cire kan fankiriyas da farkon ƙaramin hanji da matsarmama da wani yanki na bututunta, wani lokaci har da ƙasan tumbi, sannan a yi sabon haɗi uku. Tambayar da ta dace a nan ita ce sau nawa asibitin ke yin ta a shekara, domin sakamakonta ya fi kyau inda aka saba da ita.

Hartmann da Miles su ne suka fi buƙatar magana ta gaskiya, domin duka biyu suna ƙarewa da jakar bayan gida a jikin ciki. A Hartmann, ta 1921, ana cire ɓangaren babban hanji na hagu da ya lalace, a rufe na ƙasa a bar shi, a fito da na sama ta fatar ciki. Ana iya mayar da haɗin bayan watanni, amma wani babban aiki ne, kuma ba kowa ke samun haka ba. A Miles, ta 1908, ana cire ƙarshen hanji har da dubura, jakar ta dindindin ce. Ka tambaya ƙarara: ta wucin gadi ce ko ta har abada? Milligan-Morgan yankan basir ne da ake barin raunin a buɗe ya warke da kansa, Lichtenstein kuma gyaran ƙaba ne da raga.

Mataki na shida: ware sunayen jarirai, domin su da kwanaki ake lissafi

Hirschsprung yana samun kusan jariri 1 cikin 5,000. Ƙarshen hanji ba shi da ƙwayoyin jijiyar da ke sa shi motsi, sai kashi ya taru a sama. Alamar farko ita ce jariri bai yi baƙin kashinsa na fari ba cikin sa'o'i 48, ciki yana kumbura. Harald Hirschsprung na Danmak ya bayyana shi a 1886, amma an daɗe ana zargin ɓangaren da ya buɗe ya yi girma, alhali tsukakken da ke ƙasa ne mai laifin. Sai a 1948 Swenson ya fito da tiyatar cire shi.

Jaririn da ke tsakanin mako 2 zuwa 8, yana amai mai feshi bayan shan nono, aman ba kore ba, kuma yana sake neman nono da yunwa, ana zargin tsokar mafitar tumbinsa ta yi kauri. Tiyatar Ramstedt ke tsaga ta, amma sai an fara gyara ruwa da gishirin jikinsa. Idan aman kore ne, lissafi ya sauya: hanji na iya murɗewa, tiyatar Ladd ake yi, kuma sa'o'i ne ke tsakanin hanji mai rai da matacce.

Kasai, ta Morio Kasai na Japan, don jaririn da bututun ruwan matsarmamarsa ya toshe ne. Alamominsa su ne ciwon shawara da ya wuce mako biyu, kashi fari-fari, fitsari mai duhu. Aikin ya fi nasara idan an yi shi kafin jariri ya kai kwana 60 ko kusa da haka, don haka launin kashi a ƙyallen jariri abin dubawa ne kullum.

Mataki na bakwai: tambayi ko sunan ya shafi dangi

Wasu sunayen ba na mara lafiya kaɗai ba ne. Lynch, wanda Henry Lynch ya bayyana a 1966, gado ne da ke ƙara haɗarin dajin babban hanji da na mahaifa tun mutum bai tsufa ba, kuma kowane ɗa ko 'ya na mai shi yana da rabi da rabi na gadonsa. Peutz-Jeghers ma haka ake gadonsa, ana gane shi da baƙaƙen ɗigo a leɓe da cikin baki tare da tsiro a hanji. A Wilson kuwa 'yan'uwa ciki ɗaya ake fara dubawa, kowannensu yana da haɗarin 1 cikin 4, kuma idan an gano da wuri magani yana kare hanta da ƙwaƙwalwa kafin su taɓu. Kafin ka koma asibiti, zauna da manyan gida ka rubuta wanda ya yi dajin hanji ko na mahaifa ko ciwon hanta, ta wajen uwa ko ta wajen uba, da shekarun da yake da su lokacin da aka gano. Ka kai wa likita wannan takardar tare da wadda ka zana layin abinci a kanta.